Yadda zaka bi sawun sabuwar sara kafin ka ɗauke ta a bakinka

Duk shekara in damina ta kawo kai 'yan ci-rani sun fara dawowa gida noma, ba kuɗi da sabuwar waya kaɗai suke shigowa dasu ba, harda magana. Wanda yayi rani a Legas yana gadi ko turin ruwa, da wanda ya tsaya nan Kano yana dako a Dawanau ko kasuwar Singa, kowa da irin kalmomin da ya kwaso, kuma kafin a gama noman fari zakaji yara 'yan firamare suna maimaita su a bakin famfo kamar dasu aka haife su. Ita ake cewa sara, maganar da ake yayinta, wata ta mutu kafin kaka wata kuma ta zauna daram har jikoki su gaje ta.

Ni dai bana cikin masu cewa sara ɓata Hausa take, kakanninmu ma sunyi tasu a lokacinsu. Abinda yake damuna shine mu mutanen karkara a makare take iso mana, bayan ta bi ta bakin mutane da yawa, kuma sau tari ma'anar da ta baro gida da ita ba ita take isowa da ita ba. Sai yaro ya ɗauka da zuciya ɗaya yaje ya faɗa a gaban wanda bai kamata ba, ko uba yaita jin wata kalma a bakin ɗansa kullum bai san maganar ƙwaya ake a gabansa ba. Shi yasa nake ganin ya kamata kowa ya iya bin sawun kalma kamar yadda ake bin sawun akuyar da ta ɓata, ka duba ta ina ta bi, ina ta tsaya tayi kiwo, ina ta dosa.

Ka fara da wanda ya kawo ta

Kar ka tsaya kan tambayar "me take nufi". Yaron da ka tambaya shima jinta yayi ya ɗauka, kuma zai ƙago maka amsa nan take don kar ace bai waye ba. Tambayar da take fidda gaskiya itace: a bakin wa ka fara ji, kuma me ake yi a wajen sanda ya faɗa? In yace maka a bakin kwandasta ne ranar Juma'ar Wudil ana rigimar canji, to kaga ka kama bakin zaren. In yace a bidiyon TikTok ne da wani ya tura masa, wannan kuma wata hanyar ce daban.

Ƙofofin da sara take shigowa ƙauye basu da yawa in ka zauna ka lissafa. Akwai tasha, direbobi da kwandastoci da 'yan kamasho waɗanda yau suna nan gobe suna wani gari. Akwai teburin mai shayi bayan isha'i inda ɗan ci-rani yake baje labarin birni ana ta sauraro, akwai gidan kallon ƙwallo, akwai 'yan makarantar kwana in sunzo hutu, akwai gidan biki in 'yan matan birni sunzo rakiyar amarya. Ga rediyo, musamman shirye-shiryen siyasa na dare da sojojin baka suke yiwa juna yarfe, abinda ya ƙaru sosai tunda gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara aiki a Kano, irinsu Freedom da ta buɗe a 2003.

Amma babbar ƙofa yanzu shagon caji ce. Kaje ka zauna da la'asar ka gani da idonka. Janareto na ta ƙara, wayoyi a jere kan soket kowacce da 'yar lambar da aka liƙa mata, samari akan benci suna jiran tasu ta cika, sai ɗaya ya kunna bidiyo kaga kai shida sun haɗu akan waya ɗaya, a kwashe da dariya, a dawo dashi baya a sake kallo, wannan yace turo min ta Xender wancan yace nima. Kalmar da aka ji da la'asar kafin isha'i ta shiga gidaje. Da can sara sai ta daɗe a hanya kafin ta taso daga Fagge ta iso ƙauyukan Ringim ko Gumel, kuma wanda ya kawo ta ya san labarinta zai iya baka. Yanzu wuni ɗaya ya ishe ta, sai dai ita kaɗai take zuwa, guntun bidiyo kawai aka gani ba a san rigimar da ta haife shi ba.

Amfanin sanin ƙofar shine kowacce da irin kayan da take shigowa dasu. Wadda ta biyo ta tasha sau da yawa akwai zagi ko batsa a ƙarƙashinta ko da a sama tayi kama da wasa. Ta siyasa akwai wanda ake yiwa habaici, in ka faɗe ta a majalisa ka shiga layin wata jam'iyya baka sani ba. Ta 'yan shaye-shaye kuwa dama don ɓoyewa aka ƙirƙire ta.

Sannan ka nemo inda ta fara

Mu ɗauki wadda kowa ya sani, adaidaita sahu. Duk mai sallar jam'i ya san gidanta na asali, liman ne yake juyowa kafin kabbara yace a daidaita sahu. A 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗauki maganar ta raɗa wa shirinta na gyaran tarbiyya da halayen jama'a. A 2005 aka kawo babura masu ƙafa uku don ɗaukar mata a raba su da hawa acaɓa, da sunan shirin a jikinsu, mutane kuma suka kira babur da abinda suka gani a rubuce. Da aka hana acaɓa a birnin Kano a Janairun 2013 masu ƙafa ukun suka cika gari, sunan ya zauna, har aka gutsure shi ya koma adaidaita kawai, direban kuma ɗan sahu. Yau in kace wa yaro adaidaita sahu wallahi ba masallaci zai fara tunawa ba. Kuma shi wannan babur ɗin a wasu garuruwan Keke Napep ake ce masa, daga sunan shirin yaƙi da talauci na gwamnatin Obasanjo na 2001, a Legas kuma Keke Marwa saboda Buba Marwa da yayi gwamnan soja a can. Kaga abu ɗaya suna uku, kuma duka ukun ba daga jikin babur ɗin suka fito ba, daga wanda ya kawo shi ne. To duk sanda kaji sabon suna akan wani kaya, fara duba wa ke kan mulki sanda kayan suka shigo, me kuma aka rubuta a jiki.

Haka tazarce. Kamfen ne na masu son Janar Sani Abacha ya zarce da mulki, wanda yayi zafi a 1998 kafin rasuwarsa a watan Yuni na shekarar. Yanzu ko shugaban ƙungiyar direbobi ne ya nemi zagaye na biyu ance yana neman tazarce, ga kuma rigar da tela zai tambaye ka, tazarce zan ɗinka ko kaftani. 'Yan amshin Shata mutane ne na gaske masu sana'a, suna bayan marigayi Mamman Shata suna karɓa masa waƙa, yanzu an maida shi gori ga 'yan majalisar da duk abinda gwamna ya kawo sai suce to. Jakar gana masgo da muke zuba kaya in zamu ci-rani ta samo sunanta a 1983, sanda gwamnatin Shagari ta kori baƙin haure mafi yawansu 'yan Gana suka zuba kayansu a irinta, daga baya kuma ta zama habaicin kuɗin cin hanci.

In kalmar tsohuwa ce aka sake mata riga, wajen tsofaffi zaka. Amma akwai yadda ake tambaya. Ka tafi da ɗan goronka, ka gaisa a nutse, kar kace "Iya meye ma'anar kaza", zata ce maka ita ina ta sani. Ce mata zakayi "Iya, da can a zamaninku in ance kaza, a wane waje ake faɗa?" Nan ne zata gyara zama. Gwada ta da boko kaji. Yawancinmu mun taso ana ce mana boko daga kalmar Turanci ta littafi aka samo ta, buk, kuma da yake sunyi kama a kunne kowa ya yarda. Amma tsohuwa zata baka labarin amaryar boko, wadda ake lulluɓewa a raka ta da guɗa jama'a na kallo alhali amaryar gaskiya daban take, zata kuma tuna maka da biri-boko. Wato boko Bahaushiyar kalma ce mai nufin abinda ba na gaske ba, abin yaudara, ita kakanninmu suka liƙa wa karatun da Turawa suka kawo don nuna basu yarda dashi ba. Masanin Hausa Paul Newman yayi rubutu akan haka a 2013 yana nuna cewa ba daga Turanci take ba. Yau kuwa ɗan boko yana iya zama yabo, har gidan da ake alfahari ace 'yan boko ne.

Wannan ya kamata yasa ka riƙa taka-tsantsan da labaran asali masu daɗin ji. Don kalma biyu sunyi kama a kunne ba shine ya nuna ɗaya ce ta haifi ɗaya ba. Kar ka yarda da bakin mutum ɗaya, ka tambayi dattijo a garinku ka tambayi wani a wani garin, in da hali ka duba ƙamus. Na Bargery tun 1934 aka buga shi kuma an ɗora shi a intanet, in kaga kalma a ciki to ka san ta girmi duk wani ɗan TikTok dake cewa shi ya ƙirƙiro ta. Akwai kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ka tambayi malamin Hausa na sakandaren da ke kusa daku ko yana dashi.

Ka duba ta wane gefe ta karkata

Wata faɗi take yi. Omo sunan garin sabulun kamfani ɗaya ne, yanzu duk garin wanki omo ne, haka magi, haka makilin, haka indomi. Wannan bata da wata illa sai dai ka aiki yaro kanti ya kawo maka wani iri daban. Alhaji ma haka ya faɗaɗa, daga wanda ya sauke farali zuwa duk mai babbar riga da mota, yanzu har samari suna ce wa junansu alaji.

Wata kuma kifewa take yi gaba ɗaya, kuma ita tafi haɗa yara da manya. Mugun kyau, bala'in daɗi, masifar tsada, azabar iya ɗinki. Yarinya ta dawo hutu daga makarantar kwana, kakarta ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka ta sha daddawa, yarinyar ta kai loma tace "Kai Iya, tuwon nan yayi bala'in daɗi." Tsohuwa ta ajiye mara tace "A'uzubillahi, bala'i a cikin tukunyata? Ke 'yar nan ki iya bakinki." Dukansu babu mai laifi, yarinyar yabo take, tsohuwar kuma a wajenta bala'i ba abin kira da baki bane, kuma ni ina ganin tana da hujja. Mafi hatsari a irin waɗannan shine shege. A gidan kallo in ɗan wasa ya yanke mutum uku ya zura ƙwallo kowa shege yake cewa, yabo ne tsantsa. Amma kalmar bata rabu da nauyinta na asali ba ko kaɗan, ka faɗe ta ga wanda ba sa'anka ba ko a gidan surukai kaga yadda magana zata kai gaban mai unguwa.

Akwai wadda take tsukewa ta lalace. Almajiri daga Larabci take, mai ƙaura don neman ilimi, manyan malamai ma suna kiran kansu almajirai don tawali'u, amma a bakin mutane da yawa yanzu ta koma yaro mai bara kawai. Daba wajen zaman mafarauta ce, yanzu ɗan daba kowa ya san me ake nufi. Ƙwaya ta hatsi ce da ta magani, amma in akace yaro ɗan ƙwaya ne an gama magana.

Sai kuma mai fuska da yawa, irin caji. Dattijo in yaji caji, caji ofis zai tuna. Mai waya batir yake nufi. Wanda lissafi ya rikice masa yace kaina ya ɗau caji. A bakin 'yan shaye-shaye kuma yin caji buguwa ce. Wanka ma haka, ya ɗau wanka kwalliya ce yayi ba ruwanta da soso da sabulu, amma in akace an wanke shi to damfararsa akayi. Irin waɗannan ba a yanke musu hukunci da jin kalmar kaɗai, sai ka haɗa da mai faɗa da wanda ake faɗa wa da kuma lokacin.

Kar ka manta ma'ana tana canzawa da gari

Wannan 'yan ci-rani sun fi kowa sani. Aboki a nan kalmar ƙauna ce, amma a Legas ko Fatakwal in akace maka aboki ana nufin duk wani ɗan Arewa, wani lokacin ma da raini a ciki, wato wanda bai waye ba. Abinda muke cewa tsire su suya suke ce masa, alhali a wajenmu suya aikin soyawa ne. Tamu ce ta tafi can ta canza, kamar yadda tasu take zuwa nan ta canza, oga da gwanjo ai daga Yarabanci muka samo su har mun manta.

Inda abin yake taɓa aljihu shine lissafin kuɗi. Naira da kwabo sun shigo ranar 1 ga Janairun 1973, amma tsofaffin sunaye basu tafi ba, sai suka hau kan sabon kuɗi. Fam ya zama naira 2, sule kwabo 10, jaka da take fam 100 ta zama naira 200. Murtala naira 20 ce saboda takardar da aka fitar a 1977 da hoton Janar Murtala Muhammad, wazobiya kuma naira 50 ta 1991. To je Maigatari ranar Alhamis inda ake haɗuwa da mutanen Nijar, a bakinsu dala sefa 5 ce, jikka kuma sefa 1000. Kalmomin kusan ɗaya, kuɗin daban. Don haka in kana ciniki a kasuwar kan iyaka kar kaji kunyar tsayawa kace "Malam, jaka nawa, ta naira ko ta sefa?" kuma a faɗi adadin ƙarara a gaban dillali da shaida kafin ace an sallama.

Kafin ka fara faɗinta

Ka bari kaji ta a bakin mutum uku ko huɗu a wurare daban-daban tukunna, ka lura ko ma'ana ɗaya suke bata. Ka kalli fuskar wanda aka faɗa wa, dariya yayi ko haɗe rai. Ka lura in babba ya doso ana yin shiru da ita ko ana ci gaba, in ana yin shiru to akwai abu a ƙasa. In da mace ake danganta ta, kalmar da ake jifan 'yan mata da ita in sun wuce, ni shawarata ka barta kawai ko da kowa na faɗa, don yawancinsu in ka tono asalinsu ba zaka so a kira ƙanwarka dasu ba, kuma a ƙauye suna in ya kama yarinya har gidan miji yake binta.

Iyaye kuma don Allah ku rage saurin tsawa. In kace wa yaro kar na sake jin wannan maganar a gidan nan, ba daina ta zaiyi ba, daina faɗinta a gabanka zaiyi, kai kuma ka rasa hanyar sanin da wa yake zama. Ka kira shi kuna cire ciyawa ko kuna hanyar gona kace "Wai ni kam wannan kalmar da kuke ta faɗa, wa ya kawo muku ita?" Zai baka labari harda wanda baka tambaya ba. Amma akwai waɗanda in kunji su sai ku tashi tsaye, irinsu sholisho da roci da moli da zancen zuwa yin caji alhali wayarsa na hannunsa a cike. Kuma ku sani sunayen kayan maye basa daɗewa, da zarar manya sun gane ɗaya ake sake wani, don haka wanda zai fassara muku na yanzu shine wani matashin mai hankali da kuka yarda dashi, ba wanda ya bar samartaka da daɗewa ba.

In kana da sha'awar abin sosai ka ware ɗan littafi ko ka buɗe waje a wayarka. Kalmar, watan da shekarar da ka fara ji, garin, irin mutumin da ya faɗa ba sai ka sa sunansa ba, sannan jimlar gaba ɗaya yadda ta fito daga bakinsa, don kalma ita kaɗai ba jimla bata nuna komai. Ka bar fili a ƙasa, bayan wata shida ko shekara ka dawo ka rubuta yadda ake faɗinta yanzu. Alamar sara ta kusa mutuwa a wajen samari itace ka fara jinta a tallan rediyo ko a bakin ɗan takara a kan mumbarin kamfen, daga nan ko su yar da ita ko ta zama Hausar kowa. Wasu ma har ƙamus suke kaiwa, Kannywood da okada sun shiga ƙamusun Turanci na Oxford a Janairun 2020.

Kuma kar ka tsaya kan sababbi kawai, tsofaffin sara suna nan a bakin dattawa ba wanda ya rubuta. Ka samu wanda yayi aikin gwamnati a shekarun 1970 ka tambaye shi Udoji, zai baka labarin ƙarin albashin da yasa aka riƙa kiran duk wata garaɓasa da sunan mutumin da ya shugabanci kwamitin. Ka samu wanda yayi siyasar PRP tun Jigawa na cikin Kano, kafin a yanke ta a 1991, ka tambaye shi santsi da taɓo, waye na ɓangaren Abubakar Rimi waye na Malam Aminu Kano, da yadda ake jifan juna da sunayen a kasuwa da wajen biki. In ya yarda ka ɗauki muryarsa a waya, ka rubuta garin da shekarar a jikin fayil ɗin, ka tura wa wani ɗan'uwanka ya ajiye kwafi saboda memori yana lalacewa.